Garmar Uban Amarya

"Ni, Norbert Haugen, a ce uban ango ne zai share min hanyar gidana ranar auren 'yata? Ina raye, ina shaƙar iska? Arvid, ka mayar da tsohuwar taraktar nan taka rumfa ta huta, ai tun zamanin kakanka take bauta. Gobe da safe zan fito da motata da garma a goshinta, in share hanyar nan tas, har Annika ta taka da takalmin amarci bai jiƙe ba."

A shagon shan kofi na garinmu ya yi wannan kurin, ranar Juma'a da safe, ana gobe ɗaurin aure. Rediyo kuwa tun jiya yake ta faɗa cewa akwai dusar ƙanƙara tafe daga Kanada, wadda za ta kai wa mutum ƙugu. Norbert yana magana yana dukan tebur, kofuna suna rawa.

Abokina, in ba ka san Norbert ba, na tabbata ka san irinsa. Ga tumbi, ga gashin baki, ga makullai a ƙugu suna kacau-kacau kamar shi ke riƙe da garin. In dai da baki ne, babu abin da bai iya ba. Shi ya gyara famfon coci, muka yi ta ibada da takalman roba har bazara. A bayan idonsa Injiniya muke kiransa, a gaban idonsa ma haka, domin shi a wurinsa girmamawa ce.

Arvid Niemi kuwa dogo ne siriri, maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba. Shekara da shekaru shi ke share doguwar hanyar da ta taso daga gidan Norbert zuwa titi, da taraktarsa mai ƙaton cokalin kwasa a gaba, ba tare da an roƙe shi ba. Norbert bai taɓa damuwa ba sai da ɗan Arvid ya zo neman auren Annika. Daga nan abin ya tsaya masa a wuya, wai kada dangin ango su ce uban amarya ko hanyar gidansa ba ya iya buɗewa. Shi ya sa ya je gwanjo ya zagaya, ya zaɓi garmar ƙanƙara da ta fi kowacce faɗi, irin wadda manyan motocin gyaran hanya ke turawa.

Arvid ya kurɓi kofi, ya ajiye.

"Ka taɓa ɗaura irinta?"

"Ɗaura garma har wani aiki ne? Ƙarfe ne fa da noti. Kai da ka saba da jakin ƙarfe, ina za ka gane sha'anin manya?"

"To," in ji Arvid.

Da hantsi maƙwabta suka taru a garejin Norbert, kowa da kofinsa a hannu, don a nan kallon mutum yana aiki shi ne nishaɗinmu na hunturu. Ƙatuwar a-kori-kurarsa tana ciki, ya shigar da ita da baya, hancinta na kallon ƙofa. Garmar kuwa aka ɗora ta a kan amalanke, aka turo ta ciki ta tsawonta, kamar yadda ake shigar da gado ɗaki. Da ta shiga aka juya ta, ta kwanta a gicciye a gaban motar. Norbert ya sauke ƙofa, ya kunna abin ɗumama ɗaki, ya naɗe hannun riga.

Duk wanda ke wurin ya kalli garmar, ya kalli ƙofar, ya sake kallon garmar. Makaho ma zai lalubo ya gane cewa ta fi ƙofar faɗi. Amma ka san halinmu a nan arewacin Minnesota. Gara mutum ya haɗiye cokali da ya kalli idon maƙwabcinsa ya ce masa ya yi kuskure. Iyakarmu mu jingina abin ga wani mutum da babu shi, muna kallon rufi. In kuwa abu ya ɓaci har ya wuce misali, sai mu ce daban ne. Norbert a nan aka haife shi, ya san ma'anar kalmar sarai in an faɗa wa wani. In an faɗa masa ne kunnensa ke juya ta ta koma yabo.

Arvid ya kalli rufi.

"Wani mutum kam, da a waje zai ɗaura ta."

"A wannan sanyin? Wannan wani mutumin naka, a duba kansa. Ni da garejina mai ɗumi, in je in tsaya a fili ina karkarwa kamar kazar da aka tsoma a ruwa?"

"Haka ne kuma," in ji Arvid. "Akwai sanyi."

Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya ce shi dai ya taɓa jin labarin wani da yakan auna abu kafin ya ɗaura. Norbert ya ce masu ƙaramin ido ne ke awo, shi idonsa tef ne. Dattijon ya koma ga kofinsa.

Aka fara aiki. Ƙarfen da zai riƙe garmar ya ƙi zama daidai da ƙashin motar, hudojin sun ƙi haɗuwa. Norbert ya ce kamfanin ne bai iya huda ba, ya jawo na'ura ya huda nasa. Inda noti ya ƙi shiga, ya sa guduma. Inda guduma ta gaza, ya sa zagi. Da ya zo kan tiyon mai guda biyu da ke juya garmar hagu da dama, ya ɗaga su ya kalla, ya ga duk baƙaƙe ne.

"Tagwaye ne," ya ce. "Ko wanne ka sa ko'ina, ɗaya ne."

Wayoyin ɗagawa da saukewa ma haka ya yi musu hukunci. Da ya gama, sai ga manyan notuna cike da tafin hannunsa sun yi saura. Ya kaɗa su, ya zuba a aljihu.

"Gyara ce. Kamfani kan ƙara don masu yar da kaya."

Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa, fuskar nan tana sheƙi.

"To, Arvid? Faɗi gaskiya."

Arvid ya daɗe yana kallo.

"Wannan kam daban ne."

"Kun ji ko? Shi ma ya sallama!"

Wani ya tambaya ko zai gwada ta tun yanzu, ya fita da ita ya ɗan zagaya. Norbert ya ce mai shakkar aikinsa ne ke gwaji. Maƙwabta suka fita ta ƙaramar ƙofar gefe ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa a gaida gida, kowa kuma cikinsa na ciwo don riƙe magana.

Gari ya waye, rediyo bai yi ƙarya ba. Hanya ta shafe, shinge ya nutse, akwatin wasiƙa sai dai a tuna inda yake. Ɗaurin aure da tsakar rana ne. A cikin gida Annika ta riga ta shiga farar riga, uwarta Darlene tana gyara mata mayafi. Yayar Darlene, Gudrun, ita ma a gidan ta kwana. Mace ce mai jiki, masha Allah, ta ƙare aikinta tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma ita ta toya kek ɗin biki mai hawa-hawa. Bayan an kashe abin ɗumama ɗaki jiya, ta ajiye shi a kan tebur a gefen gareji, domin a hunturu gareji shi ne firjin kowane gida.

Darlene ta leƙa taga, ta juyo wajen mijinta.

"Norbert, ko in kira Arvid ne? Ba don komai ba, ko da dai..."

"Kika kira Arvid, sai dai ki nemi wani uban amaryar. Ku fito ku sha kallo."

Ya fito cikin kwat ɗin biki, ya ɗora rigar aikinsa ta jiya a kai, ya ɗaga ƙofar gareji, ya haye mota kamar mai hawa gadon mulki. Matan suka tsaya a bakin ƙofar kicin cikin manyan riguna. Ya tayar da mota, ta yi gurnani. Ya sa giya, ya taka totur.

Gam!

Garmar ta daki ginshiƙan ƙofa biyu a lokaci guda, ƙura ta zubo daga rufi. Norbert ya ja baya ya sake gwadawa, wai ko ƙofar ta canja ra'ayi. Gam!

"Baba!" in ji Annika.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Sanyi ne ya sa katako ya tsuke."

"Katako ya tsuke har da taku guda?" in ji Darlene.

"Ke dai ba ki san kimiyya ba. Yanzu zan karkata ta gefe, ta wuce sumul."

Gaskiya dabarar ba ta da laifi, don in aka karkata garma faɗinta kan ragu. Ya lura da teburin kek a dama, ya danna maɓallin da zai kawar da ita daga wajen. Tagwayen tiyo suka nuna masa cewa kowa da halinsa. Garmar ta yi kukan kura ta nufi teburin, ta ɗauke ƙafafunsa. Kek ya yi sama, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya sauko a kan injin yankan ciyawa.

Gudrun ta tako a hankali, ta tsaya a kan abin da ta yi kwanaki tana yi. Ta sunkuya ta ciro ɗan mutum-mutumin ango da amarya daga cikin man inji, ta goge da hannun rigarta.

"To," ta ce. "Wannan kam daban ne."

Darlene ta ce tun suna yara ba ta taɓa jin an faɗi kalmar nan da irin wannan murya ba. Kunya ta kama Norbert, kuma shi in kunya ta kama shi, ƙafarsa ce ke yin nauyi. Ya take totur har ƙasa. Ginshiƙan suka yi ƙara suka sallama, motar ta faso waje da katakai a kafaɗa, ƙofar garejin kuma ta zamo ta zauna a kan rufinta kamar malafa.

"Na ce muku za ta fita!" ya yi ihu ta taga.

Ta fita kam, amma a nan ta tsaya. Garmar ta rinjayi gaba, gindin motar ya yi sama, tayoyin baya sai juyawa suke a kan ƙanƙara, fiii, fiii, ba sa kama komai. Duk mai garma a garin nan ya san ana loda buhunan yashi a baya kafin a fita. Norbert ma ya sani, shi ne ma yake koya wa mutane a shagon kofi. Sayen yashin ne kawai ya manta.

Ya sauko ya zagaya motar, yana sosa ƙeya. Ya dubi tulin itace, ya nutse. Ya dubi injin wanki, ba mai ɗaga shi. Idonsa ya yi yawo ya yi yawo, ya sauka a kan Gudrun.

"Yaya Gudrun..."

"Kada ka soma."

"Taimako ne. Nauyi kawai ake nema a baya, ke kuwa Allah Ya hore miki. Ke kaɗai kin isa, ba sai an nemi yashi ba."

"Norbert!" in ji Darlene, ta rufe baki.

"Yabo ne fa! Ba kowa ke da shi ba."

Gudrun ta buɗe baki, sai ta ji shessheƙa a bayanta. Annika ce, ta tattare rigar amarci a hannu, hawaye yana wanke kwalliyar da aka daɗe ana yi mata.

"Anti, don Allah. Ban damu da kek ba, ban damu da komai ba. Angona yana can yana jirana, zai zaci na fasa ne."

Gudrun ba ta haihu ba, Annika ita ce 'yarta a duniya. Ta haɗiye maganarta, ta ɗage siket, ta taka taya, ta haye bayan a-kori-kura ta zauna daram, jakar hannunta a cinya, tana kallon gaba kamar wadda za a ɗauka hoto. Gindin motar ya sauko. Tayoyi suka kama.

Motar ta motsa, jama'a, har da gudu. Ƙanƙara tana tashi gefe, hanya tana buɗewa. Da Norbert ya tsaya a haka, da yau wani labarin nake ba ka. Amma yana jin mota ta tafi, sai kansa ya kumbura ya koma yadda yake.

"Ina Arvid ya zo ya ga aiki!" ya ƙwala ta taga. "Sama-sama ma nake yi. Bari in kankare ta har ƙasa!"

Ya danna maɓallin saukewa. Garma ta yi sama, ta kwaso ƙanƙara ta juye a kan gilashi, duniya ta yi masa fari fat. Ya kiɗime ya danna ɗayan da ƙarfinsa. Garma ta faɗo ta caki ƙasa kamar gatari. A nan ne notunan da ke aljihunsa suka yi ƙara, kamar suna cewa ga mu nan. Gefe guda na garmar ya ɓalle, ɗaya gefen ya kafe, motar ta yi juyi ta gicciye a tsakiyar hanya, hancinta a cikin lambatu.

Gudrun kuwa ta tashi sama da jakarta. Da Darlene da Annika suka iso suna nutsewa suna fitowa, takalmanta kawai suka gani a tsaye cikin tulin ƙanƙara, suna motsi. Suka ja ta suka fito da ita. Ba ta ji rauni ba, sai huci take yi.

Norbert ya fito ta taga da kai, don ƙofa ta ƙi buɗewa, ya zube a ƙasa, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Ya tashi ya dubi abin da ya yi. Ɗazu ƙanƙara ce kawai ta tare hanyar, yanzu ga ƙanƙara, ga mota, ga garma, ga ƙofar gareji. Daga nesa, ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

Annika ba ta yi ihu ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Baba, me na yi maka?"

Wannan ta shige shi fiye da zagi. A karo na farko a rayuwarsa ya sunkuyar da kai, kuma wallahi har ni da nake ba ka labari ya ba ni tausayi.

Sai ga wata ƙara daga wajen titi, kutu-kutu-kutu. Tsohuwar taraktar Arvid ce take tahowa, tana ture ƙanƙara a hankali, ta share hanya tas har zuwa jikin motar da ta gicciye. Daga baya aka ji cewa tun da sassafe yake fake a bakin titi yana shan kofi, yana jira, don kada ya shigo ba a kira shi ba ya ɓata wa surukinsa rai.

Ya kashe inji, ya taɓa hularsa.

"Wucewa nake yi," ya ce, a kan hanyar da ba ta zuwa ko'ina sai gidan Norbert.

Ya kalli motar, ya kalli rana. Ciro ta aikin yini ne. Ya sauke cokalin tarakta ƙasa, ya shimfiɗa barguna a ciki.

"Wata amaryar, da a nan za ta zauna. Ba shi da datti sosai."

Annika ta yi dariya cikin kuka ta shiga. Darlene ta zauna a damanta, Gudrun a hagu. Arvid ya ɗaga cokali, ya juya tarakta, Norbert yana biye a ƙasa yana ɗingishi. Amma daga hanyar zuwa titi akwai ɗan hawa mai santsi, ga mata uku a gaba. Gindin tarakta ya yi sauƙi, manyan tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya. Ƙararrawar coci ta sake kaɗawa.

Arvid bai kalli kowa ba. Ya ɗaga kai yana duban sama.

"Wani mutum kam, da zai so ɗan nauyi a baya."

Wannan karon kunnen Norbert bai juya komai ba. Ya kalli 'yarsa a cikin cokali tana rawar sanyi, ya zagaya, ya hau dandamalin ƙarfen da Arvid ke ajiye sarƙa, ya zauna da jiƙaƙƙen wandonsa yana fuskantar baya, ƙafafu na reto. Tarakta ta yi ƙasa da gindi, tayoyi suka kama nan take, kamar da ma shi suke jira.

A haka suka ratsa gari. Suka wuce shagon kofi, dattawan jiya suna taga, kowa ya ɗaga masa kofi cikin ladabi. Suka iso ƙofar coci, inda gari kaf yake tsaye a waje ana hange. Ango ya ruga ya sauko da amaryarsa, aka yi ta tafi. Norbert ya yunƙura zai sauka a ɓoye ya shige cikin jama'a, sai ya ji ya ƙi tashi. Wandon ya daskare, ya manne da ƙarfe gam. Ya sake yunƙurawa, ɗinki ya yi ƙara, ya koma ya zauna.

Fasto ya tsaya a kan matakala yana waige-waige.

"Mun gode Allah, ga amarya, ga mahaifiyarta. To ina mahaifin? Wa zai shiga da ita?"

Gudrun ta sauko daga cokali, ta karkaɗe ƙanƙara daga gashinta, ta gyara jaka a kafaɗa. Ba ta kalli rufi ba, ba ta nemi wani mutum ba. Ta nuna bayan tarakta da yatsa, da muryar da ta saba kiran 'yan makaranta cin abinci.

"Ga shi can a baya, Fasto. A samu ƙarti biyu su sauke buhun yashin nan, shi zai ba da amarya."